Hannun Segilola

Shekara goma sha ɗaya Segilola ta yi tana gadin yadi kada awaki su ci. Aikinta ke nan a farfajiyar rini ta Iya Alaro, can bayan kasuwar Itoku. A shanya adire, yadin rinin Yarbawa, a kan igiya da kan duwatsu, a ba ta kujera 'yar tsugunno da tsumagiya, ta zauna. In akuya ta doso, ta ɗaga tsumagiyar. Awakin ma sun gama gane ta. Sun san kafin hannun nan ya gama tashi sun tauna gefen zane sun yi gaba.

Ita fa Segilolar nan a da layi ake yi a ƙofarta. Duk Abeokuta ba wadda ta kai ta zana adire da gashin kaza. A dama mata kullun rogo, ta tsoma gashin, ta ja layi a kan farin yadi, ba awo ba alli. In aka tsoma yadin a tukunyar shuni aka kankare kullun, sai ka ga tsuntsaye da ganyaye da matsefata sun fito fari tas kamar za su yi motsi. Kowace mai zane tana da 'yar alamarta da take sawa a bakin zane, inda ake kalmasawa. Ta Segilola ƙadangare ne mai guntuwar jela. Mata har juya bakin zane suke yi a kasuwa suna neman sa kafin su taya.

Tana da shekara talatin da huɗu ciwon ya zo. Muryoyi ta fara ji, biyu. Ɗaya ta wani tsoho ce, aikinsa zagi da ba da umarni, shi ne ya ce ta tsoma hannu a ruwan toka mai zafi, ta kuwa tsoma. Ɗayar ta mace ce da ke zama ta wajen kunnenta na hagu, ba ta da aiki sai gulma: wance ta shafa mai ta yi fari amma gwiwarta ta ƙi, wane yana shiga gidan wance ta ƙofar baya. Ran da Segilola ta shiga kasuwa ta kifar da tukwane huɗu tana ihu wai yaduka suna zancenta, ran nan mijinta, wani tela mai gashin baki, ya ce zai je Legas sayo zare. Har yau zaren bai iso ba.

Yayanta, Boda Lasisi, shi ya ɗauke ta. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum mai son kowane abu ya zo a kan lokacinsa. Ya fara kai ta wurin wani mai magani a ƙauye, aka ci masa raguna biyu, aka maido masa ita da sawun igiya a ƙafa. Sannan ya kai ta asibiti. Likita ya faɗi sunan ciwon, wani suna mai tsawo kamar layin dogo, Lasisi ya ce a bar sunan a ba shi magani. Aka ce allura ce, wata-wata, kuɗinta bai wuce na kaza ɗaya ba.

Allurar ta yi aiki, kada a ci zalinta. Tsohon ya tafi, mai gulmar ma ta bi shi. Amma ta tafi da wasu abubuwan da ba a aike ta ba. Wuyan Segilola ya sandare, tafiyarta ta koma ta mai ɗauke da tulu cike taf, fuskarta ta daina nuna daɗi ko rashinsa. Hannun kuwa ya kama rawa, dare da rana, kamar tana murza wake tsakanin 'yan yatsu. Ko kunu za ta sha sai rabi ya sauka a zanenta. Aka ba ta ɗakin baya a gidan Lasisi, mai taga ɗaya da ke kallon tsakar gida. Mutane suna gaishe ta a wuce, da ƙarfi, kamar kurma, ba sa tsayawa jin amsa, don amsar tana daɗewa kafin ta fito.

A cikin shekara ta goma sha ɗaya aka sauya likita. Wata yarinya ce aka kawo, Dakta Oyinkan, siririya, mai tabarau, in ka gan ta a hanya ka ce ta fito sayo wa uwarta tattasai. Lasisi ya tura Segilola ciki, ya zauna a benci yana karanta jaridar shekaranjiya.

Likitar ba ta kalli takarda ba, hannun ta kalla.

"Mama, tun yaushe yake wannan rawar?"

"Tun... allura."

"Da can wane aiki kike yi?"

Ba wanda ya yi mata wannan tambayar shekara da shekaru. Segilola ta nuna rigar likitar da haɓa. Adire ce, irin ta inji, wadda ake bugawa dubu a yini.

"Wannan... tsuntsun naki ƙafa uku gare shi."

Likita ta duba ƙirjinta, ta ƙirga, ta fashe da dariya har sai da Lasisi ya leƙo. Ta miƙa wa Segilola biro da takarda ta ce ta gyara mata shi. Biron ya yi ta tsalle a kan takardar kamar fara a kasko. Segilola ta ajiye shi, ta ɓoye hannun a ƙarƙashin mayafi.

"Ki ji, Mama," in ji likita. "Allurar nan magani ce mai kyau, mutane da yawa ita ta dace da su, ba na taɓa musu ita. Ke ce ta yi wa nauyi. Akwai wata ƙwaya, kullum ɗaya. Tana sa barci, tana sa ƙiba, ba kuma kowa take karɓa ba. Ina da ta wata biyu da aka ba mu kyauta. In ta ƙare, saye za a yi, kuma ba zan ɓoye miki ba, ta wata guda kuɗin akuya ce."

Lasisi ya ji kalmar kyauta, bai tsaya jin sauran ba.

Sati uku ba abin da ya sauya sai barci da yunwa. A sati na huɗu, wata safiya, Segilola ta shanye kofin kunu ta ajiye, ta duba zanenta, ta ga ba ɗigo ko ɗaya. Ta daɗe tana kallon hannun a kan cinyarta. Yana nan kwance, shiru, kamar ɗan da ya gama kuka.

Ran nan kazar matar Lasisi ta rasa gashi uku a fiffike. Matar ta yi ta zagin kyanwar maƙwabta.

A kan tsohuwar rigar matashi ta fara. Layin farko ya karkace, na biyu ma. Zuwa la'asar hannun ya tuna abin da kan ya manta. Bayan kwana goma ta ari kullu da yadi huɗu a wurin Iya Alaro da sunan za ta yi ɗaurin ƙulli. Ba hannun kaɗai ya saki ba, har bakin. Ta soma fitowa barandar gaba da safe, tana gaida masu wucewa tun kafin su gaishe ta. Ta tambayi mai agidi ina mijinta na biyu ya shiga. Ta ce wa ladan sabon rawaninsa ya fi shi girma. Unguwa ta ɗauka: Segilola ta tashi.

Tashin nan bai yi wa Lasisi daɗi ba. 'Yarsa Falilat ta samu miji, ɗan wasu masu kuɗi a Ibadan, kuma an san irin waɗannan gidaje ba sa kawo goro sai sun aiko an shinshina. Wani zai zo kamar mai sayayya, ya zauna a rumfa, ya ja hira: gidan nan akwai kuturta? Akwai farfaɗiya? Akwai wanda kansa ya taɓa juyawa? Lasisi ya riga ya bi maƙwabta gida-gida da goro, an shirya cewa ƙanwarsa shanyewar jiki ta samu bayan mijinta ya rasu. Mace mai rawar hannu da ba ta magana ta dace da wannan labari kamar murfi da tukunya. Mace mai zama a baranda tana tsokanar ladan kuwa, wa ya san abin da za ta faɗa wa baƙo?

Saura ƙwaya tara a kwali Segilola ta same shi bayan sallar la'asar, yana goge rediyonsa. Ta durƙusa gwiwa biyu, ta miƙa masa takardar likita.

Ya nisanta ta da idonsa, ya karanta, ya sake karantawa.

"Segi, wannan magani ne ko sadaki?"

"Boda, ka ga hannuna."

"Na gani. Tashi ki zauna. Tambayarki zan yi, ki ba ni amsa. Da kina kan allura, kina jin mutanen nan?"

"A'a."

"Kin sake fita kasuwa ba ɗankwali?"

"A'a."

"To me kuma ake nema a wurin magani? An ce ga na kaza yana aiki, ga na akuya yana aiki. Ni na yi aikin jirgi shekara talatin. Mai tikitin gaba da mai tikitin baya, tasha ɗaya suke sauka."

"Ni ba a tasha aka sauke ni ba, Boda. A daji aka sauke ni da tsumagiya."

Ya ci gaba da goge rediyonsa. Kada ku ce Lasisi mugu ne. Shi ya goye ta a bayansa daga ƙauyen nan ran da ƙafarta ta ƙi taka ƙasa. Wata ɗari da talatin da wani abu yana raka ta allura, bai taɓa tsallake ɗaya ba, ko ran da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Fanshonsa kuwa in ta zo wannan watan, sai ta huta wata biyu.

"Hannun me za ki yi da shi?" ya ce a hankali. "Wa ya hana ki abinci a gidan nan? Ki bari bikin Falilat ya wuce. Ki koma allurarki, ki koma ɗakinki, hankalin kowa ya kwanta."

Ta gane. Ba akuyar kaɗai ta yi masa tsada ba. Ta karɓi takardarta, ta ce ta gode, ta fita.

Ta kwana biyu ba ta leƙa baranda ba. Tana zaune a ɗaki da kwalin a gabanta, tana tunanin ko ta riƙa raba ƙwayar biyu ta ja kwanaki. Sai ta tuna tabon ruwan toka a bayan hannunta, ta tuna muryar tsohon nan, ta fasa. Ba ta son ya dawo ko da leƙe. A rana ta uku ta naɗe yadin da ta gama, ta nufi farfajiyar rini.

Iya Alaro, shugabar masu rinin, tsohuwa ce mai hannu shuɗi har gwiwa da haƙorin Makka biyu. Ita ce irin matan da ke kuka a jana'izarka suna auna yadin likkafanin da ido. Ta sa aka tsoma yadin sau shida, aka kankare, aka shanya. Da ya bushe ta tsaya a gabansa, ta bi shi da ido daga sama har ƙasa. Yaran yanzu da kwano mai huji suke shafa kullu, zane ya fito duk iri ɗaya. Irin wannan na hannu sai a akwatin tsofaffi, kuma matan Legas kuɗi suke zubarwa a kansa kamar ba su san zafinsa ba.

"Segi, 'yar ƙawata," ta ce, "hannun ya ɗan mutu. Dubi wannan reshen."

"Reshen lafiyarsa lau, Iya. Idonki ne ya tsufa."

"Kai! Ashe har bakin ya dawo. Gara da kina gadin awaki." Ta juya bakin zanen, ta ga ƙadangaren, ta saki da sauri kamar ya cije ta. "To ji nan. Uku a wata, ni kuma in saya miki ƙwayar taki da hannuna. Amma wannan dabbar ba za ta hau yadina ba. Duk tsohuwar da ke Itoku ta san ta wace ce. Wa zai ɗaura zanen... kin dai gane. Kuma a ɗakin ajiya za ki yi aikin, ba a tsakar fili ba."

Segilola ta san zane ɗaya cikin ukun nan ya isa ya sayi akuyar har da igiyarta. Iya Alaro ma ta san ta sani. Suka kalli juna. Saura ƙwaya shida.

"Na yarda."

Aka yanke bakin zanen da almakashi a gabanta, ƙadangaren ya faɗi ƙasa, wata akuya ta zo ta shinshina shi ta wuce. Washegari Iya Alaro ta kawo kwalin farko.

Lasisi bai hana ba. Ya ce tunda ba aljihunsa ba ne, kuma tunda ɗakin ajiya ba baranda ba ne, Allah ya sa albarka. Sharaɗinsa ɗaya, ta riƙa fita da shiga ta ƙofar baya har biki ya wuce.

Ɗakin ajiyar na da warin shuni da ɓeraye. Haske ta wani gibi a kwanon rufi yake shigowa, sai ta riƙa jan tabarmarta tana bin sa daga safe zuwa yamma. A da can tana zaune a fili ana wucewa ta gabanta ba a ganin ta. Yanzu ko wucewar ma babu. Tana jin matan suna hira da shewa a waje, wani lokaci amsa mai daɗi ta zo mata har kan harshe, sai ta haɗiye, ta tsoma gashin kaza. Zane na farko ta gama shi bakinsa fari fes, ba alama. Ta ji kamar ta haifi ɗa an hana shi suna. Na biyu ta ɗauki kwana biyu fiye da ƙa'ida a kansa, Iya Alaro ta yi ta mita.

Ranar wata kasuwa ta ji baƙuwar murya a rumfar Iya Alaro, wadda langa-langa ɗaya ya raba ta da ɗakin ajiya. Muryar Ibadan ce, mai kauri, da ƙarar awarwaron zinariya. Wai ta zo sayen adire ne kawai. Ta taɓa wannan ta taɓa wancan, can sai ta ce, af, an ce akwai wani Lasisi na jirgin ƙasa a nan kusa, ya gidansu yake? Uwar ango ce, Alhaja Simbiat. Ba ta yarda da ɗan aike ba, ta zo da hancinta.

"Gidan Lasisi?" in ji Iya Alaro. "Gidan mutunci. Tun kakanninsu ko ciwon kai ba a sani ba."

"An ce yana da wata ƙanwa."

"Ayya, baiwar Allah. Jiki ne ya shanye. Ko magana ba ta yi, sai dai ido. Alhaja, bar wannan, zo in nuna miki abin da ba na nuna wa kowa."

Segilola na zaune, gashin kaza a hannu, kullu yana bushewa a bakinsa. Ta ji an warware zanenta na biyu. Ta ji Alhaja ta ja numfashi.

"Wa ya zana wannan?"

"Wata tsohuwa ce a ƙauye. Ta rasu bara. Shi ke nan ya rage a duniya."

Ko tayi Alhaja ba ta yi ba. Da ta tafi, Iya Alaro ta leƙo da kai ɗakin ajiya, fuska a washe, ta ajiye wa Segilola sabon kwalin ƙwaya da ƙullin alala biyu. Segilola ta ce, "Allah ya ji ƙaina, Iya." Tsohuwar ta yi kamar ba ta ji ba.

Aka yi biki ranar Asabar. An kafa rumfa tun daga ƙofar gida har titi, an yanka saniya, masu kalangu sun zo mota guda. Tun hantsi matar Lasisi ta kawo wa Segilola amala da miyar lalo da tsoka biyu. Ba ta kiran ƙanwar miji da suna, tun tana amarya ta laƙaba mata Mai Wushirya.

"Mai Wushirya, ki yi haƙuri ki zauna ciki. Hayaniya ba ta yi miki kyau." Ta jawo ƙofar, ba ta dai sa sakata ba.

Segilola ta ja kujera bakin taga. Ta tsakanin katakon tana hango yankin tsakar gida inda mata ke rawa. Ta ga Falilat, wadda ta yi wa wanka da hannunta tun tana jaririya, ta wuce cikin farin leshi ba ta waiwayo ba. Ta ga Lasisi cikin babbar riga, yana dariya har da hawaye, ta ji daɗin ganin sa haka. Ta ga mai agidi ta cusa nama a jaka.

Uwar ango sau uku ta sauya kaya, don a san Ibadan ta zo. Na farko leshi, na biyu saƙi. Bayan azahar ta fito da na uku, mata suka yi caa a kanta, wannan ta shafa wannan ta tambayi kuɗi. Tana gaya musu mai zanen ta mutu, ba za a sake samun irinsa ba. Masu kalangu suka kama sunanta. Alhaja Simbiat ta shiga fili, ta duƙa, ta juya wa tagar baya, ta fara girgiza abin da Allah ya hore mata, kuma ya hore mata da yawa.

Can tsakiyar zanen, a cikin ganyaye, daidai inda mai zane ta san tsakiyar zane yake sauka in an ɗaura, ga ƙadangare mai guntuwar jela. Kalangu ya yi sama, ƙadangare ya yi sama. Kalangu ya yi ƙasa, shi ma ya yi ƙasa. Har gyaɗa kai yake yi.

Dariya ta kama Segilola, irin wadda ta manta tana da ita. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, hawaye na zuba. Ba ta san sa'ad da ta juya ta hagu ba, ta ce, "Ke, kin ga..."

Ba kowa a hagun, mai gulmar ta daɗe da tafiya. Bango ne, da ƙusa, da kwalin maganinta a rataye cikin leda.

Ta ɗan jira, ko da yake ta san ba mai amsawa. A waje aka yi guɗa. Ta goge idonta, ta jawo kwanon amalar da ta riga ta huce, ta gutsura, ta tsoma a miya, ta kai baki. Miyar lalo ce mai yauƙi, amma ko ɗigo bai sauka a zanenta ba. Da ta gama ta wanke hannu, ta shimfiɗa yadi na uku a ƙasa inda hasken tagar ya faɗi, don ranar Laraba Iya Alaro take jiran sa.